Ɓaunar da Na Kira Juya

Na yanka ɓauna mai ciki. Ranar Asabar ce, a tsakiyar sanyi, a wata kwata da ke unguwar Bronx a New York. Ni na ce juya ce. Ni na zaɓe ta cikin biyar. Ni na sa mata wuƙa.

Ni Bafulatani ne. A bayan shanu na tashi, ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Ina da garke har ranar da mutane suka zo a kan babura da bindigogi suka kora shi. Ƙanena ya bi sawunsu, bai dawo ba. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan. Na bi hanyar da mutane ke bi, ta ƙasashen da ban iya faɗin sunayensu ba, har na faɗo New York.

Shekara shida na yi a Canal Street. Jakunkunan mata, tabarau, hulunan sanyi. Ka shimfiɗa zani a bakin titi ka jera kaya, idonka ɗaya kan mai saye, ɗaya kan kwana. In aka yi fito, alamar 'yan sanda sun taso, ka haɗe bakin zanin ka ruga. A wannan gudun gwiwata ta hagu ta mutu. Kwana kuwa a University Heights nake yi, mu biyar a ɗaki ɗaya. Katifata ma ba tawa ba ce ni kaɗai. Da wani Babarbare muke karɓa-karɓa, mutumin Nijar, direban tasi. Shi ya kwanta da rana, in na dawo ya tashi. Abokin wasa ne, bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana".

Wata Juma'a, bayan an sallame, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, wani dattijo mai ƙiba ya tare ni. Kowa Alhaji yake ce masa. Ɗan Zongon Kumasi ne. Yana da kwata inda mutum zai zaɓi rago ko akuya da rai a yanka masa, yana kuma da fili a arewa da birni, tafiyar awa uku, inda yake ajiye ragunan.

Ya ce, "Kai ne Bafulatanin da ke sayar da jaka?"

Na ce, "Ni ne."

"Ka san ɓauna?"

Abin da na sani, ɓauna dabbar daji ce mai kashe maharba. Ban taɓa ganin ta da idona ba. Na ce, "Alhaji, duk abin da ke da ƙaho na san shi."

Babarbare yana bayana. Ya ce, "Alhaji, kada ka yarda. Wannan bawan nawa ko bargo bai iya ninkewa ba."

Alhaji ya yi dariya, ya ba ni labari. Ya je gwanjon dabbobi don raguna, sai ya dawo da ɓaunaye shida, mata biyar da namiji ɗaya. Ba na daji ba, na gida, irin waɗanda ake tatsa a wasu ƙasashe. Mutanen Bangaladash da na Masar da ke sayen nama a wurinsa sun dame shi da tambayar nonon ɓauna. Amma nono sai da haihuwa, kuma babu wadda ke da ɗa ko alamar ciki. Yana son wanda zai zauna da su har su ɗauka.

Ya miƙo mini hannu. "To, Ardo, ka karɓi garkenka."

Ba wanda ya taɓa ce mini Ardo, ko a gida.

Na isa filin lokacin da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara tsirowa. Aka nuna mini ɗaki. Gado ɗaya, ƙofa ɗaya, makulli a hannuna. Na ajiye jaka na tafi garke. Warin kashin dabba ya buge ni. Na daɗe a tsaye ina shaƙa.

Baƙaƙe ne wuluk, ba tozo, gashi kaɗan kamar an aske su, ƙaho ya lanƙwashe baya. In suna kallonka sai su ɗaga hanci sama. Kwana uku ba wadda ta matso. A na huɗu ɗaya ta zo, wadda bakin ƙahonta na dama ya guntule, ta lashe gishiri a tafin hannuna. Daga ranar ita ke fara zuwa, sauran su biyo.

Na san abin da nake tsoro tun daga farko. Na haura hamsin, ba takarda, ba gwiwa. In na rasa wurin nan, titi zan koma, kuma titi ya riga ya gama da ni.

Saboda haka na yi musu duk abin da na sani. A kusurwar filin akwai wani kwari mai ruwa da taɓo. Da rana ta ɗaga sai su gangara su kwanta ciki, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho. A wurinmu makiyayi ba ya barin shanu su kwana a taɓo. Kofato zai ruɓe, hanta ta kamu. Na yi kwana uku ina kafa itace ina ja da waya har na rufe kwarin. Na sa musu ruwa mai tsabta a kwami. Suka riƙa kifar da kwamin su kwanta a jiƙaƙƙen wurin. Na ɗaure shi da sarƙa.

Daga nan na zauna jira. Na san yadda saniya take in tana neman sa. Ba ta ɓoyewa. Za ta yi ta kuka, ta bar kiwo, ta hau 'yan'uwanta, su ma su hau ta, yauƙi na zuba a bayanta. Ko makaho zai gane. Na kuma san lokacin. In ciyawa ta yi kore, dabba ta ƙoshi, jiki ya murje, a nan ake barbara. Haka na gani tun ina yaro. Ga shi ciyawa har gwiwa, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. Na ce wannan ita ce daminarsu, wata ɗaya ya isa.

Wata ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Babu kuka, babu hawa. Zafi ya sauko, irin mai ɗauke numfashi. Su shida sai su jeru a bakin wayar da na ja, suna kallon kwarin, harshe a waje. Namijin ko shinshina su ba ya yi. Na ba shi kanwa. Na ba shi dusa da gishiri. Na ware shi mako biyu don ya yi marmari, na mayar da shi. Ya je bakin waya ya tsaya tare da su.

Kowace Juma'a nakan bi motar raguna zuwa birni, in sauke su a kwata, in yi sallah, in koma. A kwatar akwai wani tsoho ɗan Bangaladash, siriri, mai jan gemu na lalle. Fiɗa ce aikinsa. Turancinsa kamar nawa, a karye. Da Turancin da hannu muke magana. Wata rana yana wasa wuƙa ya tambaye ni ɓaunayen.

Ya ce, "Ɗan'uwa, akwai ruwa?"

Na ce, "Suna sha."

Ya girgiza kai. Ya shafa hannu a jikinsa daga wuya har ciki, ya lumshe ido kamar mai kwanciya. "Taɓo. Akwai taɓo?"

Na ce, "Na rufe."

Ya ajiye wuƙar. Ya fara magana da sauri, rabi da yarensu, yana nuna sama, yana nuna agogo. Na ce a raina, mai feɗe akuya ne zai koya mini dabba? Na ce masa mota na jirana. Na fita.

A ƙarshen zafi Alhaji ya zo filin da kansa. Ya tsaya da babbar riga a bakin garke yana share gumi.

"Ardo, ina labari?"

"Sai alheri, Alhaji. Suna nan tafe."

"'Yata ta ce a kira likitan dabbobi. Wai yana da na'ura, ya sa ya ga cikin har mahaifa."

In likita ya zo, zai yi tambayoyi da Turanci, Alhaji na tsaye yana ji. A ranar za a gane ban san dabbar nan ba. Na ce, "Alhaji, kakana bai yi kiwo da na'ura ba. Idona ya fi ta. In ka kira shi, ka nuna ba ka yarda da ni ba ke nan."

Ya ɗaga hannu biyu. "A'a, a'a. Kai ne mai garke."

Wannan ita ce ƙaryata ta biyu, kuma ta fi ta farko muni.

Sai ganye ya fara ja yana zuba. Iska ta yi sanyi. Aka yi ruwa mai ƙarfi, wata bishiya ta faɗo kan wayar ta danne ta. Da safe na tarar da su shida cikin taɓo har wuya. Ban gyara wayar ba. Gwiwata ta kumbura, zuciyata kuma ta riga ta saki. A wurinmu in ciyawa ta bushe, saniyar da ba ta ɗauka ba sai baɗi. Na ce shekara ta wuce. Na daina zama a bakin garke. In na idar da asuba sai in koma gado har rana ta fito, in zuba musu busasshiyar ciyawa, in tafi wurin raguna. Na lura ɗaya tana yawan tsugunna fitsari kaɗan-kaɗan, namijin na bin ta yana ɗaga leɓe. Na ce sanyi ne ya kama mata mara. Na jiƙa mata kanwa.

Ƙanƙara ta rufe filin. Abincin dabba sai an saya, ɓauna kuwa ci take kamar shanu biyu. Bayan sabuwar shekara Alhaji ya kira ni ofishinsa a kwata, ɗan ɗaki mai warin jini da turare.

Ya ce, "Ardo, faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Za su haihu?"

Na ce, "Juyoyi ne, Alhaji. Wanda ya kai su gwanjo ya san abin da ya kai."

Ya ja carbi. "To, an cuce ni. Ba laifinka ba ne. Kawo ɗaya ranar Asabar mu yanka wa masu son naman. Sauran na yi magana da wani, zai zo da babbar mota ranar Litinin ya kwashe su zuwa mayanka. Kai kuma ka zauna a ɗakinka ka ci gaba da raguna. Na ji daɗin zama da kai."

Na fita da sanyin rai. Dabbobin za su tafi, ɗakin zai zauna.

Da na zo zaɓe ban yi dogon tunani ba. A wurinmu saniyar da ta yi ƙiba ba ɗa, ita ce juya ta ainihi. Wadda ta fi ƙiba cikinsu ita ce mai guntun ƙaho. Kuma ita kaɗai za ta shiga mota ba gardama. Na zuba gishiri a tafin hannu na yi gaba. Ta biyo ni har ciki.

Ranar Asabar mutane suka cika ƙofar kwata, an ji labarin naman ɓauna. Muka kayar da ita mu huɗu. Na fuskantar da ita gabas, na yi bisimilla, na yanka. Aka rataye ta, tsohon ya feɗe, ni na tsaya a gefensa don karɓar kayan ciki. Sauran sun fita gaba wurin masu saye. Mu biyu ne kawai a ɗakin.

Ya farke cikin. Tumbi ya zubo cikin baho. Ya sa hannu don ya ciro saura, sai ya tsaya. Ya jawo mahaifar a hankali. Gefe ɗaya ya kumbura kamar salkar ruwa. Ya dube ni. Ya sa bakin wuƙa ya tsaga.

Ɗan tayi ne, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Ba gashi. Amma ga kai, ga ƙafafu huɗu, ga kofato ƙanana farare masu taushi. Namiji ne.

Na yanka dabbobi da yawa. Na ga gawar mutane a hanya. Amma ranar sai da na kau da kai. Na zauna a kan bokiti.

Tsohon ya ɗaga yatsu uku. "Wata uku."

Na ce, "Ba ta yi kuka ba. Wallahi ba ta yi kuka ba. Ba ta hau kowa ba."

Ya ce, "Ɓauna ba ta kuka." Ya sa yatsa a leɓe. "Shiru take yi. Kamar amarya mai kunya. Yini ɗaya, ko bai kai ba, ya wuce. Sai da sanyin asuba. Namiji ya sani. Kai ba ka sani ba."

Ya wanke hannu, ya ja ni gaban takardar lokutan sallah da ke manne a bango. Ya sa yatsa a watannin zafi, inda magariba ke kai bayan takwas. Ya girgiza kai. "Nan, barci. Mahaifa barci. Zafi, ba taɓo, barci sosai." Ya gangaro da yatsan zuwa inda magariba ta fara dawowa bakwai, shida, biyar. Ya buga wurin sau uku. "Nan. Rana gajere, ɓauna ta tashi. Ba ciyawa take bi ba, ɗan'uwa. Rana take bi."

A ƙasarmu yini da dare kusan kai ɗaya suke duk shekara. Ban taɓa sanin dabba na auna tsawon yini ba. Watannin da na zauna ina zuba ido, babu abin gani. Watannin da abin ya faru, ina kwance a gado.

Ya ƙirga a yatsunsa. "Saniya wata tara. Ɓauna wata goma da kwana goma. A gidanmu muna da takwas. Ni nake kai su kogi."

Na ce, "Sauran huɗun fa?"

Ya buɗe hannu. "Namiji ɗaya, fili ɗaya, wata ɗaya."

Muka ji muryar Alhaji daga gaba yana cewa a yi sauri, mutane na jira. Na ɗauki abin na sa a baƙar leda, na ƙulle, na tura cikin aljihun rigar sanyi. Tsohon yana kallona.

Ya ce, "Ni ban ga komai ba. Ba ni zan faɗa ba." Ya koma kan fiɗarsa.

Motar fili sai Lahadi da yamma za ta koma. Na shiga jirgin ƙasa zuwa University Heights da la'asar, hannuna a kan aljihu. Duk wanda ya dube ni sai in ga kamar ya sani. Na sauka na yi ta yawo ina neman inda zan binne shi. Ko'ina siminti. Na sami wani ɗan lambu tsakanin gidaje, na gwada ƙasar da makulli. Ta daskare kamar dutse. Ga kwandon shara a kowace kwana. Sau biyu na ɗaga murfi. Na kasa.

Na hau tsohon ɗakinmu. Babarbare ya tashi ke nan yana shan shayi kafin ya fita aiki.

"A'a! Bawana ya dawo. Ina nonon da ka yi wa ubangidanka alkawari?"

Na ajiye ledar a gabansa na kwance. Ya leƙa. Ya ajiye kofin.

Na faɗa masa duka, har da maganar likita.

Ya ce, "Wa ya gani?"

"Tsohon. Ya ce ba zai faɗa ba."

"To ka jefar mana! Ka ji ni? Dabba ce. Ko yau ko gobe wuƙa ce ƙarshenta." Ya nuna katifar da ke ƙasa. "Ka ga wannan? Wani ɗan Gine ke kwana a rabinka yanzu. In ka dawo, ko nan babu. Da wace gwiwar za ka yi gudu a Canal? Kana da ɗaki, kana da makulli. Yi shiru jibi ta wuce."

Na ce, "Huɗu ne. Da 'ya'yansu takwas."

"Ba naka ba ne."

"Na sani."

Ya ce, "Ku Fulani Allah ya jarrabce ku. A kashe ku a kan saniya a can, ku zo nan ku kashe kanku a kan ɓauna." Ya ɗauki makullin motarsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Sa shi a bayan taga, sanyi zai riƙe shi. Kada ya yi mana wari."

Ba zan ce na yanke shawara don tsoron Allah kaɗai ba. Na yi lissafin yin shiru sosai. Na ga kaina a ɗakina, ƙofa a rufe, raguna na kuka a waje. Amma duk lokacin da na kai nan sai in ga babbar mota ta shigo filin, ni ne kuma zan zuba gishiri a hannu in ja su ciki ɗaya bayan ɗaya. An taɓa kora garke a gabana ina ɓoye a cikin dawa. Wancan karon ba ni da yadda zan yi.

Lahadi bayan azahar na sami Alhaji a ofis yana cin shinkafa da wake a roba.

"Ardo! Bisimilla. Naman jiya ko ƙashi bai rage ba."

Na rufe ƙofa. Na ajiye ledar a kan tebur, nesa da abincin, na buɗe.

Ya duba. Ya daina tauna.

Na ce, "Daga cikin ta jiya ne. Ba juya ba ce. Sauran ma ina jin haka suke. Kada motar ta zo gobe."

"Kai ka ce mini juyoyi ne."

"Ni na ce."

"Na tambaye ka tsakaninka da Allah."

"Ka tambaye ni. Ban san ɓauna ba, Alhaji. Ban taɓa ganin ta ba sai a filinka. Shanu na sani. Likitan ma don kada asirina ya tonu na hana."

Na jira ya yi faɗa. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya rufe robar abincin. Ya ɗauki waya ya kira mai motar ya ce a dakata. Ya kira 'yarsa ya ce ta nemo likitan. Sannan ya leƙa ƙofa ya ce a turo masa tsohon. Suka yi magana ina tsaye kamar turke. Tsohon ya sake nuna takardar sallah. Alhaji yana gyaɗa kai.

Da tsohon ya fita, Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, da ka ce mini ba ka sani ba tun ranar farko, da na haɗa ka da wannan tsohon, ku yi tare. Shekara nawa yana ƙarƙashina ban taɓa tambayarsa ba. Wannan nawa laifin ne." Ya tura mini ledar. "Amma ba zan iya ba ka amanar dabba ba kuma. Ka bi mota ka kwaso kayanka."

Malam ya ce. Na ji shi sarai.

Na bi motar. Ranar Talata aka zo da likitan, mace ce, da doguwar safar hannu da na'urarta. Ni na riƙe mata kawunansu, don ni kaɗai suka yarda da shi. Uku na da ciki. Ta huɗun babu. Ba ta tambaye ni komai ba.

Kafin in tafi na ɗauki diga na gangara kwarin. A bakin ruwan, ƙasa ba ta daskare sosai ba. Na haƙa rami na binne ledar. Na ciro sauran itatuwan da na kafa, na naɗe wayar na jingine a bayan rumfa. Na bar makullin a jikin ƙofa.

Tsohon aka kai filin a madadina. Ban yi masa hassada ba. Na yi, amma ta kwana kaɗan.

Babarbare ya sa ɗan Ginen ya matsa, aka samo mini wata katifa a bakin ƙofar banɗaki. Bai ce mini komai a kan maganar ba. Ya dai ce, "Bawa ya gudu ya dawo, sai a ƙara masa aiki." Ya ba ni jarin lema da huluna.

Ban daina ƙirge ba. Wata goma da kwana goma, daga lokacin da bishiyar ta faɗi. A tsakiyar zafi, ina tsaye a bakin titi, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga tsohon, ba rubutu. Ɗan ɓauna baƙi, jiƙe, kunnuwa a faɗe, uwar na lasarsa. Bayan kwana tara wani ya zo. Na uku ya zo ranar wata Juma'a. A bayansu ana ganin kwarin, ya ƙara faɗi.

Na nuna wa Babarbare. Ya ce, "Kai, munana ne kamar masu su."

Yanzu ina Canal Street. Ba na shimfiɗa zani, don ba na iya gudu. A hannu nake riƙe kayan, in aka yi fito in jingina da bango kamar mai jiran wani. Ganye ya fara ja. Jiya an kira magariba kafin ƙarfe shida da rabi. Na san abin da ke faruwa a filin da sanyin asuba, ba kuka, ba hayaniya. Ni ina nan a kwanar titi da lema goma sha biyu, ina jiran ruwa.